Da Sauƙi, In Ji Kowa

Litinin, 1 ga Satumba

Yau Ɗan Aike ya fitar da ni kunya. Casa'in da huɗu cikin ɗari. Na sake gwajin don kada ya zama idona ne ke min gizo, ya sake ba ni abu guda. Na tashi na zagaya ofis ba takalmi, ban ma san lokacin da na cire su ba.

Bari in rubuta abin da yake yi a fili, tunda Baban yara ya ce duk ranar da na yi masa bayani sai ya nemi maganin ciwon kai. Asibitin da muke aiki da su suna sallamar mutane da yawa, kuma nas ɗaya ce tal ke bibiyar su ta waya. Ba za ta iya kiran kowa da kowa ba. To Ɗan Aike manhaja ce, ni dai namiji na ɗauke shi. Zai tura wa wanda aka sallama saƙo, "Yaya jiki?", ya karanta amsar, ya ajiye mutum a kore ko rawaya ko ja. Ja, a kira shi yanzu. Kore, a bar shi ya huta. Mun koya masa ne da tsofaffin amsoshin da nas ɗin ta tara, waɗanda muka zauna muka rarraba da hannu har wuyana ya ƙage. Wasu muka ɓoye masa don jarrabawa, a nan ya ci wannan makin.

Shekara da shekaru ina wanke wa mutane bayanai, wato ina gyara musu alƙaluman bincikensu, a ƙarshe su maƙala sunana can ƙasa wajen godiya, kusa da mai gyaran firinta. Wannan kam nawa ne daga kai har ƙafa. Na ji daɗi, ba na ɓoyewa.

Laraba, 3 ga Satumba

Ni da Farfesa, shugaban sashenmu, mun je wajen babbar Likitar asibitin. Ofishinta ɗan ƙarami, fanka na juya takardu, ta danne su da abin awon jini. Mace ce mara yawan dariya. Farfesa yana ta zuba, ita kuwa tana kallon agogo.

Ta ce an taɓa kawo musu irin wannan, ya yi ta damun ma'aikata da ƙararrawar banza har suka cire shi daga soket suka sa butar shayi a wurin. "Sau ɗaya zan buɗe muku ƙofa, Malama. In ya ce mutum lafiyarsa lau, aka dawo min da shi ranga-ranga, kun gama da asibitin nan."

Na ce in sha Allahu ba za a yi haka ba, da wata murya wadda ni ma ban san ina da ita ba. Za a fara gwaji ranar ashirin da biyu ga wata.

A mota Farfesa ya ce na yi ƙoƙari. Daga bakinsa wannan kamar an ba ni kujerar jirgi ne.

Alhamis, 4 ga Satumba

Malam Dogo. Allah ya haɗa ni da shi teburi ɗaya don ya gwada haƙurina. Masanin ƙididdiga ne, ya girme ni, kuma in ka ce masa rana ta fito sai ya tambaye ka da wane ma'auni. Na nuna masa makin, ya sauke tabarau, ya daɗe yana kallo kamar mai sayen tsohuwar mota.

"Malama, koren nan, kore ne a wajenmu ko a wajen jikin mutum?"

Na ce ban gane ba. Ya ce shi ma bai gama ganewa ba, tambaya ce kawai. To in ba ka gama ganewa ba me ya kai ka? Na ce tare muka yi rarrabawar, da hannunsa a ciki, har da biskit ɗina da ya cinye. Ya yi dariya ya koma kan aikinsa. Ni kuma na wuni ina jin haushi.

Ba zan ba shi mabuɗin kwamfutar da Ɗan Aike ke ciki ba, wato kalmar sirrinta. Ba shi kaɗai ba, kowa ma.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sa lambar wayata da ta Baban yara da ta ƙanwata cikin masu gwaji, don in ga yadda saƙon ke zuwa. Kullum da hantsi zai gaishe mu. Baban yara ya amsa masa da cewa jiki lau, aljihu ne ba lafiya. Ɗan Aike ya ba shi rawaya. Mun yi dariya har na ƙware da shayi.

Auta ta ce ita ma a sa ta. Da wace wayar?

Talata, 9 ga Satumba

Kaina kamar an ɗora min bulo. Sanyin ofis ne, ba komai.

Juma'a, 12 ga Satumba

Yau ne na iya riƙe biro. Zazzaɓi ne, na gaske, mai sa haƙora kaɗawa. Amma ba shi zan rubuta ba.

Jiya da hantsi ina kwance cikin bargo biyu, na amayar da ruwan da na sha, idona ko buɗuwa ba ya yi sosai. Waya ta yi ƙara. Ɗan Aike ne, yaya jiki. Na laluba na rubuta masa amsa na jefar da wayar. Baban yara ya shigo da magani, ya ɗauki wayar don ya kawar da ita daga bakin gado, sai na ji ya fashe da dariya. Ina mutuwa yana dariya.

Ya ce, "Injiniya, albishirinki. Yaronki ya ce kin warke. Ga ki nan kore shar, tashi ki ɗora mana girki."

Na fizge wayar. Abin da na rubuta: "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ni na rubuta. Ba wanda ya riƙe min hannu. Kuma ba ƙarya na yi ba, don ban ma yi tunani ba, yatsuna ne suka amsa gaisuwa kamar yadda aka koya musu tun ina ƙarama. Wa aka taɓa tambaya yaya jiki ya ce ba sauƙi? Kakata ana gobe za ta rasu, duk wanda ya shigo dubiya da sauƙi take ce masa.

Wani gumi ya keto min wanda ba na zazzaɓi ba. Don na tuna ranar da muka fara rarraba amsoshin, ni na miƙe gaban allo na rubuta ƙa'ida da jan alƙalami: duk amsar da ke da "sauƙi" a ciki, kore ce. Mu biyar ne a ɗakin, kowa da Hausa aka yi masa goyo, kowa ya gyaɗa kai. Da a bakin gadon mara lafiya muka ji kalmar da ba wanda zai ɗauke ta da nauyi. Amma da muka gan ta a rubuce a kan allon kwamfuta, sai muka karanta ta kamar baƙin da suka koyi harshen daga ƙamus.

Baban yara ya ga fuskata ya daina dariya. Ya ce in sha magani tukuna.

Asabar, 13 ga Satumba

Mu muka shirya jarrabawa, mu muka rubuta amsa, yaro ya haddace kuskurenmu tsaf muka tafa masa. Casa'in da huɗu.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na yi ta juyi da maganar yau. Shaiɗan ya zo da shawarwari masu kyan gani. Wai in yi shiru in gyara a hankali bayan an fara. Wai ai nas ɗin tana nan, za ta lura. Wai sauran kwana kaɗan, in na buɗe baki Likita ta rufe ƙofa, in koma wankin bayanan mutane har in tsufa.

Sai in tuna yadda nake ranar Alhamis. Ni ina da mai kawo min magani har gado yana min tsiya. Wata tsohuwa ita kaɗai ce a ɗaki, za ta rubuta da sauƙi, yarona ya ce a bar ta ta huta.

Na fi jin kunyar Malam Dogo a kan kowa, gaskiya. Ina ma wani ne ya yi tambayar nan ba shi ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na koma aiki. Na tarar da shi yana fama da butar shayi. Na ce, "Malam, tambayarka ta rannan." Na miƙa masa wayata.

Na shirya wa "ai na faɗa". Har na tanadi amsa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi dariya har da riƙe teburi, sannan ya ce wallahi shi ma bai ga wannan ba, shi dai makin ne ya yi masa kyau da yawa. Ya ce makon jiya haƙorinsa ya hana shi barci, duk wanda ya gaishe shi da sauƙi ya ce. Ya ɓata min shirin faɗa gaba ɗaya.

Mun nemi izini asibiti suka ba mu bayanin waɗanda aka dawo da su gado bayan sallama, ba sunaye. Muka gwada Ɗan Aike da wannan maimakon rarrabawarmu. Ba zan rubuta makin ba. Mai jefa kwabo sama ya kusa kamo shi. Yawancin waɗanda aka dawo da su, da sauƙi suka ce.

Na faɗa wa Farfesa kafin a tashi. Ya shafa gemu, ya ce wa ya rubuta ƙa'idar. Na ce ni. Malam Dogo daga bayana ya ce, "Ranka ya daɗe, har da kai a masu gyaɗa kai." Na zaci za a kore mu mu biyu. Farfesa ya yi tari ya ce a gyara.

Talata, 16 ga Satumba

Na wuni ina ƙoƙarin koya wa Ɗan Aike bambancin da sauƙin gaske da da sauƙin gaisuwa. Na ƙara masa girma, na canja masa tsarin koyo, tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin teburi ta yi ta gurnani har ta ɗumama min ƙafa. Ba abin da ya motsa. To ta yaya zai motsa? Harafi ɗaya ne, kalma ɗaya ce. Wanda ya warke da wanda ke shirin suma abu guda suka rubuta.

Malam Dogo ya ce laifin ba na mai karatu ba ne, na tambayar ne. A daina tambayar jiki, a tambayi abin da ba shi da amsar ladabi. Ka ci abinci yau? Ka iya tashi ka yi wanka da kanka? Ka yi barci?

Ya yi gaskiya, kuma abin ya ƙona min rai. Wata da watanni ina gina inji mai wayo, ashe maganin jimla uku ne da ko Auta za ta iya rubutawa.

Laraba, 17 ga Satumba

Mun gwada sababbin tambayoyin a kan 'yan'uwa. An yi abin dariya.

Malam Dogo ya cire gaisuwar gaba ɗaya, wai ɓata lokaci ce. Saƙon ya je wa yayarsa kai tsaye: "Kin ci abinci yau?" Ta kira shi nan take, muna ji ta lasifika. "Kai Dogo, wane mara tarbiyya ne ka ba lambata? Ba sallama, ba ya jiki, sai kin ci abinci? Shi ke ciyar da ni?" Ƙanwata kuwa ta amsa da "ina ruwanka". Surukin Farfesa ya toshe lambar.

Nan na samu nawa. Na ce a mayar da gaisuwar. Ɗan Aike ya yi sallama, ya ce yaya jiki, a ce masa da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi kamar ɗan mutunci, kada ya ƙirga wannan amsar ko kaɗan. Sannan ya shiga tambayoyinsa a hankali. Muka sake turawa. Yayar Malam Dogo ta amsa duka, har ta ƙara da labarin gwiwarta wanda ba a tambaye ta ba.

Ina wanke kofi wani abu ya faɗo min, na dawo da gudu da kumfa a hannu. Amsar gaisuwar ba a banza take ba. In aka ce wa mutum yaya jiki ya kasa cewa da sauƙi, ya ce jiki ba daɗi ko ya ce a taimaka, to wannan ya wuce inda ladabi ke riƙe shi. Ja ne kai tsaye, kada a jira sauran tambayoyi. Muka duba tsofaffin amsoshin: 'yan kaɗan ne suka faɗi haka, kuma kusan dukkansu an dawo da su.

Malam Dogo ya ce, "Wannan naki ne, Malama, ni ban isa ba." Na ce ai na sani.

Alhamis, 18 ga Satumba

Gobe Likita. Farfesa ya ce ni zan yi magana tunda aikina ne. Yanzu ya tuna.

Ba ni da maki mai kyau da zan nuna mata, don sababbin tambayoyin ba su da tsofaffin amsoshi. Abin da nake da shi labarin zazzaɓina ne da roƙo. Na goge kaya, na sake gogewa.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na faɗa mata komai a tsaye, ko kujera ban nema ba. Na ce makin da muka kawo mata ba na gaskiya ba ne, ga dalili, ga wayata. Ta karanta amsata, ta karanta koren da aka ba ni. Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Zafin jikinki nawa ne a lokacin?" Na faɗa. Ta kira nas ɗin ta nuna mata. Su biyu suka kama dariya, wannan matar da na zaci ba ta da haƙora. Nas ta ce ita ma da take tara amsoshin, in ta ga da sauƙi numfashi take saukewa ta wuce na gaba, alhali ko jiya ta ce wa mijinta haka tana jin jiri. Likita ta ce ita da aka nuna mata allon farko ba ta ga komai ba, kuma kullum sai ta ji kalmar nan daga bakin mutanen da ake sa wa ƙarin ruwa.

Sai ta ɗaure fuska. Ta ce ba za ta ba mu asibitin duka ba kamar yadda aka yi da farko. Ɗaki ɗaya, na maza, kuma nas za ta kira duk wanda aka sallama daga ɗakin, a kwatanta da abin da Ɗan Aike ya ce. In sun yi ta saɓawa, shi ke nan. "Da kin rufe min wannan na gano da kaina, ko gaisuwarki ba zan ƙara amsawa ba."

Ɗaki ɗaya. Na so in ji haushi, na nemi haushin na rasa. A hanya na saya wa yara alewa ba dalili.

Litinin, 22 ga Satumba

An fara. Na zauna kusa da nas a kan wata kujera mai ƙafa ɗaya gajera, na wuni ina lilo. Duk wanda aka gaisar ya ce da sauƙi, duk ɗinsu, har na fara tausayin tsohon Ɗan Aike.

Alhamis, 25 ga Satumba

Wani dattijo da aka yi wa aiki a ciki. Ɗansa ke rubuta masa. Yaya jiki, da sauƙi sosai, mun gode Allah. Ya ci abinci? A'a, tun shekaranjiya. Ya iya tashi? A'a. Allo ya yi ja. Nas ba ta kai kansa a jerin kiranta ba, sai ta tsallake ta kira. Kafin la'asar an kawo shi, Likita ta ce ciwon ya fara ruwa, an tare shi da wuri.

Na shiga banɗaki na yi kuka kaɗan, na wanke fuska, na fito na ce wa nas mura ce.

Likita ta wuce ta gabana ba ta tsaya ba, ta dai ce mako mai zuwa a ƙara ɗakin mata.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na kira Baba kamar kowace Lahadi. Yaya ƙafar, da sauƙi. Kullum a nan nake cewa Allah ya ƙara sauƙi in miƙa wa yara waya. Yau na ce Allah ya ƙara sauƙi, sai na ji bakina ya ci gaba shi kaɗai.

"Baba, ka fita masallaci yau?"

Ya ce ke likita ce ko 'yar sanda. Na ce ka fita? Ya ce a zaune yake salla a ɗaki, tun farkon wata, matakalar ƙofa ce ba ya iya sauka. Wai bai ga abin faɗa ba, ina da aiki a gabana.

Gobe da sassafe zan tafi wajensa, Baban yara zai kai ni tasha. Na faɗa wa Farfesa sai na ga abin da likitan ƙashi ya ce, ban sa ranar dawowa ba. A makon da za a ƙara ɗakin mata, wai ni ce ba na nan.

Na tura wa Malam Dogo mabuɗin kwamfutar. Ba wani abu ba ne, dole wani ya riƙa duba ta, kuma shi ya fi kusa da teburin. Ya rubuto yana tambaya ko akwai abin da ba na so ya taɓa. Na ce ya taɓa duk abin da ya ga ya kamata.

Saura in nemo jakar tafiya, ban san inda yaran nan suka kai ta ba.